Tada Kango da Sassaben Garka a Anu Araren

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Arlit ya san kamar ƙasar nan. Dutse ne da tsakuwa da yashi iyakar ganin ido. Sai an jima ana tafiya, sannan a hango wani ɗan kore a bakin ƙorama: goriba da dabino, fangalin albasa, da rijiya a tsakiya. Wannan ita ce garka. Tana zaune cikin hamada kamar yadda tsibiri yake zaune cikin teku. Mai tsibiri ruwa ya kewaye shi, mai garka fari ya kewaye shi. Su duka biyu ƙasarsu kaɗan ce. In ta tafi, babu wata a bayanta.

Anu Araren yana dab da garin Cirozerin, kilomita 70 da ɗoriya daga Agadas in an bi hanyar mota. A harshen Abzinawa, "anu" rijiya ke nan. Sai dai a Nijar da gawayin ƙasa aka fi sanin wurin. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975 don haƙar gawayin. A 1981 aka fara ƙona shi ana samun lantarki, ana kai wa Arlit da Akokan da Agadas da Cirozerin. Aikin ma'adinai ya ja samari da yawa daga ƙauyukan Abzin. Tashin hankalin 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, sun kori wasu. Zinariyar da ta bayyana a Jado da Cibarakaten a 2014 ta kwashi wasu. Kowa ya tafi, ya bar ɗaki a rufe, ya bar garka ba mai ba ta ruwa.

Yanzu kuwa ana dawowa. Kamfanin COMINAK na Akokan ya rufe raminsa na yuraniyom ranar 31 ga Maris 2021. Masu neman zinariya ma ba kowa ne ya dace ba. Mutum ya dawo da iyali da ƴan kuɗin da ya tara, ya tarar da gidan ubansa ya zama kango, garka ta zama daji. Tambayar da ke gabansa ita ce: ta ina zai fara?

A cikin yawon da nake yi na duba azuzuwan manya, na san wani magidanci da ya dawo haka. Mutum ne mai himma. Da isowarsa ya sayi siminti, ya yaɓe gaban gidan, ya shafa fenti. Ya ɗauki samari da gatura, suka share garkar fes, tun daga shinge har bakin ƙorama. Ba su bar ko goriba ɗaya ba. Suka tara, suka cinna wuta. Duk wanda ya wuce sai ya yaba.

Da watan Agusta ya kama, aka yi ruwa a kan duwatsu, nesa da su. Ko ɗigo bai sauka a gidansa ba. Cikin dare ƙorama ta kawo, ta ci gefen garkar, ta tafi da fangalin da ya fi kowane kyau. Bayan kwana kaɗan ruwa ya sauka a kan gidan. Indararo a toshe yake, ruwa ya kwanta a soro, ya bi bayan simintin. Yaɓen ya ɓanɓaro ya faɗi kamar faifai, azara biyu suka karye. An yi sa'a, a tsakar gida suka kwana saboda zafi. Ba don a yi masa dariya na kawo labarin ba, shi da kansa yake ba da shi a aji. Kuskurensa ɗaya ne a gida da garka. Ya fara da abin da ido ke gani, bai tambayi inda ruwa zai bi ba.

Takarda kafin tubali

Kafin ka taɓa komai, ka san na wane ne. Gidan uba da garkarsa na magada ne duka, maza da mata. Kango ba shi da mai so. Amma ranar da aka rufa ɗaki, rijiya ta kawo ruwa, albasa ta yi kai, ranar ce ƴan'uwa ke tunawa da rabonsu. Ka tara su tun yanzu a gaban mai gari da shaidu. A faɗi iyaka, a faɗi rabon kowa, a faɗi ko gado ne ko aro ne ko saye.

Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye. Akwai na ƙauye, akwai na gunduma. Aikinsu ne su rubuta irin wannan yarjejeniya su ba da takarda. Kai da ka koyi karatu, kada ka sa hannu sai ka karanta. In da faransanci aka rubuta, ka sa a fassara maka kalma bayan kalma.

Kango yana da masu shi

Ɗakin da ya shekara a rufe, wasu sun riga ka tarewa. Kunama tana son tsagar bango da ƙarƙashin tsohuwar tabarma. Kunamar ƙasar Agadas kuwa ba irin ta kudu ba ce. Babba yana shan azaba ya tashi, amma tana kashe ƙananan yara, musamman da bazara. Saboda haka kada yaro ya shiga kango, kuma kada a sa shi kwasar tubali. Kai kanka ka sa takalmi rufaffe. Kada ka cusa hannu inda idonka bai gani ba. Ka fara juya dutse ko icce da sanda, sannan ka ɗauka.

In kunama ta harbi yaro, a wanke wurin, a ɗauke shi zuwa gidan likita nan take, ko da dare ne. Kada a jira sai gumi da amai da dalala sun fara. In maciji ne, a kwantar da mutum, a cire masa zobe da munduwa, a hana gaɓar motsi, a nemi mota. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. Waɗannan dabaru ƙara ɓarna suke yi, kuma suna cin lokacin da ya kamata a ce ana kan hanya.

Ƙura ma abin tsoro ce. Kashin jemage da na ɓera da ya bushe, in an share shi a bushe, huhu yake shiga. Ka buɗe ƙofa da taga kwana biyu ko uku. Ka yayyafa ruwa kafin shara, ka rufe hanci da baki da rawani. Sai kuma ƙusa da tsohon kwano da ƙaya. Ƙaramin rauni da ƙasa ko kashin dabba ya shiga, shi ne ƙofar cutar sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanos. Tana da allurar rigakafi. Ka je a yi maka kafin ka fara aikin. In ka ji rauni, ka wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, kada ka cusa ƙasa ko toka.

Abu ɗaya kuma, wanda ya shafi ƙasarmu ta arewa. A wuraren da aka yi tashin hankali, in fartanyarka ta tono wani ƙarfe da ba ka san shi ba, kada ka taɓa. Ka yi alama daga nesa, ka kori yara, ka sanar da hukuma.

Ruwa ke kashe gidan ƙasa

Wani zai ce, ina ruwan yake a Agadas? Gaskiya ne, yawancin shekaru ruwan da ke sauka ba ya kai milimita 200. Sai dai yakan sauka gaba ɗaya, cikin ƴan kwanaki na Yuli da Agusta, a kan dutsen da ba ya shanyewa. A farkon Satumba 2009 ƙoramar Telwa ta fasa madatsarta, ta shiga Agadas, ta rushe dubban gidaje. A damanar 2024 ambaliya ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar, sama da 300 suka rasu, da yawansu ɗaki ne ya faɗa musu. Har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe ranar 3 ga Satumba na shekarar.

Duk da haka, kada a ce laifin ƙasa ne. Hasumiyar masallacin Agadas ta ƙasa ce. Tsawonta mita 27. An fara gina masallacin wajen 1515, aka sake gina shi a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Itatuwan nan da suka fito daga jikin hasumiyar, su ne matakalar masu yaɓe. Wato tun ranar gini magina suka shirya wa gyara. Ginin ƙasa yana daɗewa gwargwadon yadda ake komawa kansa.

Ka fara da soro. Ka hau da safe, kai kaɗai, kana bin gefen bango, kada ka taka tsakiya. Ka duba inda ya lotsa, domin nan ruwa ke kwanciya. Mutanenmu sun saba ƙara ƙasa a soro kowace shekara ba tare da kwashe ta da ba. Bayan shekara 10 kaya ya yi wa azara yawa. In ruwa ya jiƙa shi, nauyin ya ƙaru, sai a ji ƙara cikin dare. Ka kwashe tsohuwar ƙasa tukuna. Daga ciki kuma ka ƙwanƙwasa kowace azara. Wadda ta yi amo kamar ganga, gara ta cinye cikinta. Ka soka wuƙa a kan da ya shiga bango, domin nan take fara ruɓewa. Azarar da ka yi shakka a kanta, cire ta. In za ka shimfiɗa leda kafin ƙasa, ka bi da ita har bakin indararo, kuma ka ba soron gangare, don ruwa ya san hanyarsa.

Indararo ƙaramin abu ne, amma shi ke riƙe da ran ɗaki. Ya zama mai faɗi, ya zama dogo, ya jefa ruwa nesa da bango. Inda ruwan ke sauka ka ajiye faffaɗan dutse, ka ja ƴar hanya zuwa waje. In kana iyawa, ka kai ta gindin icce. Kafin ruwan farko a hau a cire sheƙar tsuntsu da leda. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a sake hawa.

Daga soro sai gindin bango. Ka tsuguna ka duba. In ƙasan bangon ya zaizaye ya shiga ciki, ko kuwa farin gishiri ya fito yana marmashewa, to damshi yana hawa daga ƙasa. Bango irin wannan yana iya yin kyau daga sama, alhali a kan ƙafa ɗaya yake tsaye. Mu a nan dutse ba sai an saya ba. Ka cike wurin da dutse da laka, kaɗan kaɗan, ɓangare bayan ɓangare. Kada ka rarake gindin bangon duka a rana ɗaya. In sabon bango za ka tayar, tushensa ya zama na dutse har gwiwa. Ka yi dakali kewaye da ɗakin. Daɓen ciki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida ta fi rariya tudu.

Tsaga iri biyu ce. Akwai ta yaɓe, wadda ba ta wuce fata ba. Akwai wadda ta ratsa bango, har kana hango haske ta ciki. Ga wata dabara mai sauƙi, kuma a nan karatu zai yi maka rana. Ka manna ɗan curin laka a kan tsagar, ka shafe shi. Ka rubuta kwanan wata a littafinka. Bayan mako biyu ko uku ka duba. In lakar ta tsage, bangon yana motsi, cikewa ba za ta yi magani ba. Ka kuma ɗaura dutse a zare, ka sako shi daga saman bango. In bangon ya kauce wa zaren a fili, ka kira magini, ka shirya jin cewa rushewa za a yi. Rushe bango da hannunka da rana ya fi ya faɗo da kansa da dare.

Yanzu sai maganar siminti, inda zan saɓa wa mutane da yawa. Siminti ba ya kama jikin laka da kyau. Zafin rana da sanyin dare suna tsaga shi. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ya yi ta cin bangon a ɓoye. Yaɓen laka kuwa yana jiƙewa ya bushe, kuma in ya lalace kowa yana gani. A kwaɓa ƙasa mai kyau da ramno da kashin jaki, a bar ta kwanaki ta ruɓa, ana juyawa. A kudu, inda ɗorawa take, ana ƙara makuba don hana ruwa shiga. In kana da buhu ɗaya ko biyu na siminti, ka kashe su a bakin rijiya da murfin masai. Can ne suka fi amfani.

Azara tana wuya a Abzin, kuma kowace azarar goriba icce ne da ya yi shekaru yana girma. Akwai ginin da ba ya bukatar icce ko ɗaya. Da tubali ake rufa ɗakin, a yi shi kamar ƙwarya a kife ko kamar bakan gizo. Dabarar ta fito daga ƙasar Nuba, a bakin kogin Nilu. An fara gwada ta a Nijar a Cikal, ƙasar Filinge, a 1980, daga baya aka koya wa magina a Iferwan. Ɗakin yana da sanyi da bazara. Sharaɗinsa ɗaya ne: sai maginin da ya koya sosai, kuma shi ma yana son yaɓe a kan kari. Kwano yana da saurin kafawa, amma tanda ne da rana, ƙanƙara da dare, kuma iskar hadari tana ɗauke wanda ba a ɗaure ba.

Tun da ana gyara, a buɗe taga biyu masu kallon juna. Tsofaffin ɗakunanmu duhu gare su. Ɗaki mara iska, cike da mutane, shi ne inda tari da sanƙarau suke yaɗuwa. Murhu ya koma waje ko rumfa. Da sanyi kuma, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, na icce ne ko na gawayin ƙasa. Yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta. Mutum yana barci ta ɗauke shi.

Ramin da aka ɗebi ƙasar gini kada ya zama kusa da gida. In damana ta cika shi, sauro ya samu gidan haihuwa, masassara ta biyo baya, kuma yaro yana iya faɗawa. A cike shi da ɓaraguzan tsohon bango.

Sassabe ba aski ba ne

Mu koma garka. A da, manomin kirki shi ne wanda gonarsa ba ta da ko tsiro. An koyar da haka, har da mu malamai. Ƙasar Maradi ce ta fara gane hasarar. Bayan an share itatuwa, iska ta riƙa binne shuka da yashi, mata suna tafiya mai nisa neman iccen girki. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa kowace shekara, kututturan manyan itatuwa ne da saiwarsu ke raye. Manoma suka fara zaɓen rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran. Shi ne sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka tashi a kan hekta miliyan 5 a ƙasashen Maradi da Damagaram da Tawa.

Garkar Abzin ba gonar hatsi ba ce, albasa tana son rana. Duk da haka darasin ya shafe mu. Kafin gatari ya sauka, ka zagaya garkar da wani dattijon da ya san ta tun tana aiki. Duk iccen da za a bari, a ɗaura masa ƙyalle, don samari su gani. Goriba ta zauna: tana ba da ƴaƴa, tana ba da kaba, saiwarta tana riƙe gaɓa. Gawo ya zauna, ganyensa taki ne. Aduwa da magarya da bagaruwa, da ƙandili wanda Abzinawa ke kira afagag, a bar su a shinge, musamman ta gabas inda iska ke fitowa. Tsohon dabino da ya yi kamar ya mutu, ka duba tsakiyar kansa. In da kore, ka share gindinsa ka ba shi ruwa. Sabon dashe sai ya yi shekaru kafin ya haihu. Ka kuma tuna dokar daji ta ranar 8 ga Yuni 2004 ta kare wasu itatuwa. Ka tambayi ma'aikatan gandun daji kafin ka kayar da babban icce, ko da a filinka yake.

Akwai icce ɗaya da ba na roƙa masa afuwa a cikin garka. Shi ne baƙon nan mai doguwar ƙaya da malaman daji ke kira furozofis. Asalinsa daga ƙasashen Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne. An yawaita dasa shi a Sahel bayan farin shekarun 1970, saboda yana jure ƙishirwa. Dabbobi suna cin ƴaƴansa, su baza irin a cikin kashinsu. Da haka ya bi ƙoramu, ya cike garake da aka bari. Ƙayarsa tana huda takalmi da tayar amalanke. Saiwarsa tana zurfi, tana rabon ruwa da rijiya. Ba abin da ke girma da kyau a ƙarƙashinsa.

In ka sare shi daidai ƙasa, ka yi masa aski ne kawai. Zai fito da rassa goma a madadin ɗaya. Sai an tone gindin, an sare shi kamar kamu ɗaya ƙasa da doron ƙasa, inda idanun tohonsa suke. Aiki ne mai cin rai, don haka kada ka ce za ka gama garka duka a shekara ɗaya. Ka fara da kewayen rijiya. Iccen kuma kada ka ƙone shi a banza. Yana ci da kyau a murhu, yana yin gawayi mai kyau, kaurin yana yin dirka. Kowane dami da ka samu daga gare shi, wani afagag ne ya tsira. Rassan ƙaya su tafi shinge, bayan ka kakkaɓe ƴaƴan. Takin awakin da suka ci ƴaƴansa kuwa, ka binne shi a rami kana jiƙawa har ya ruɓe. Bayan ka zuba, ka riƙa tuge duk tsiron da ya fito tun yana ƙarami.

Na ce garka kamar tsibiri take. To, akwai tsibirai na gaske da suka ga irin wannan rana. Ƙasar Kap Ber tsibirai 10 ce cikin teku, fiye da kilomita 500 yamma da Dakar. Ko da yake teku ya kewaye su, farinsu irin namu ne, har suna cikin ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari tare da Nijar. Babu kowa a kansu sai da Turawan Fotugal suka iso wajen 1460. Sara da noma a kan gangare da kiwon awaki suka tsiraita duwatsun. Ruwan da ke saukowa da ƙarfi ya riƙa kwashe ƙasa yana zubawa cikin teku. Yunwar shekarun 1940 ta kashe dubun dubatar mutane. Bayan samun ƴanci a 1975 suka duƙufa jera katangun dutse a kan gangare, da ƙananan madatsu a cikin ƙoramu, da dashen itatuwa. Abin mamaki, iccen da suka fi dasawa shi ne wannan furozofis. A kan busasshen tudu ya yi musu amfani. A cikin kwari mai ruwa, manomansu ma kuka suke da shi.

Bakin ƙorama da rijiya

Ƙasar bakin ƙorama ta fi kowace laushi, shi ya sa take jan manomi. Ka daure ka bar ta. Ka bar ɗamara mai faɗi tsakanin fangalin ƙarshe da gaɓa, inda goriba da ciyawa da ƙananan itatuwa za su tsaya yadda suke. Ka fi sa ido a inda ƙorama ta yi kwana, domin gefen waje na kwanar take ci. Ka nemi alamar ruwan bara: karmami da leda da suka maƙale a rassa suna nuna inda ya kai. Ɗaki da masai da rumbu duk su tsaya sama da wannan alama.

Inda gaɓa ta riga ta zube, ana jera ragar waya cike da duwatsu, wadda ake kira gabiyon. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. In ka kare gefenka kai kaɗai, ruwan maƙwabcinka na ƙetare za ka tura wa. Masu garake na gefe biyu su zauna tare, su nemi malamin aikin karkara ya duba musu.

Tsohuwar rijiya tana bukatar yasa, kuma yasa tana da haɗari. Kada kowa ya shiga shi kaɗai. A ɗaura masa igiya a ƙugu, mutum biyu suna riƙe a sama. A fara zura fitila mai harshen wuta. In ta mutu kafin ta kai ƙasa, iskar ciki ba ta numfashi ba ce. Kada a taɓa saukar da injin ban ruwa mai mai cikin rijiya alhali da mutum a ciki, hayaƙinsa kisa yake. A ɗaga bakin rijiyar, a yi mata murfi, don ambaliya da yara. Masai ya yi nesa da ita aƙalla mita 30, kuma ta gangare.

Kakanni da raƙumi ko sa suke jan ruwa, da guga da kwarkwaro, abin da Abzinawa ke kira tekarkart. Dabba tana gajiya, rijiya ta huta. Inji ba ya gajiya, na mai ne ko na hasken rana. Saboda haka ka auna rijiyarka kafin ka auna fili. Ka ja ruwa da safe, ka rubuta tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta ƙafe, da wanda ta ɗauka kafin ta dawo. Ka yi wannan awo da bazara, lokacin da ruwa ya fi ja da baya. Abin da ta iya shayarwa a watan Mayu, shi ne girman garkarka na gaskiya. Albasar Abzin tana kai wa har kasuwannin Gana da Kodebuwa, amma farashinta hawa da sauka yake. Mai farawa ya raba ƙafa: kaɗan albasa, kaɗan alkama ko masara don gida, da tumatir da ganye don miyar yara.

Lokacin wannan aiki duka daga ɗaukewar ruwa ne zuwa ƙarshen sanyi. A lokacin rijiya tana da ruwan kwaɓa, tubali yana bushewa ba tare da tsagewa ba, kunama ta lafa, jiki yana iya aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai hadari ya taso a Yuni, ɗanyen yaɓe zai miƙa wa ruwa.

Magidancin nan da na ba ku labari ya sake farawa da sanyin da ya biyo baya. Ɗaki ɗaya ya gyara, tun daga soro har tushe, sauran biyun ya bar su a rufe, ya hana yara shiga. Goribar da ya sare wasu sun toho daga gindi, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Shi da maƙwabta uku suna tara dutse a bakin kwanar ƙorama, kowace Asabar amalanke biyu. Kashi ɗaya cikin huɗu na garkar yake nomawa. Furozofis ɗin da ya yi wa aski ya dawo fiye da da, yana tone shi gindi bayan gindi, kuma yana rubuta adadin a bayan littafinsa na aji.